Hannun Falalu Wanzami

Falalu Wanzami mutumin Bebeji ne ta ƙasar Kano, amma duk wanda ya san shi, a Akra ya san shi, a tsohon Zango da ke bayan kasuwar Salaga, tun zamanin da unguwannin Nima da Mamobi suke daji, ba kowa a can sai shanu da masu kiwonsu. Yana saurayi ya biyo ayarin fatake da zabirar ubansa a rataye, yana yi wa mutane aski a hanya ana ba shi abinci, har ƙafa ta kawo shi bakin teku. Da Turawa suka tara Hausawa za su yaƙi Asante ya bi su, ba don ya iya harbi ba. Soja ma kansa na fid da gashi. A can cikin kurmi aka ɗirka masa dalma a ƙugu. Likitan bariki ya ciro abin da ya ciru, ya bar saura a ciki, ya miƙa masa wata 'yar kwalba mai baƙin ruwa, ya ce in zafi ya taso ya ɗiga goma a ruwa ya sha.

Mutanen Zango suka sa wa abin suna ɗigo.

Aka sallame shi daga bariki, ya auri Zenabu mai koko da ƙosai, ya shimfiɗa buzunsa a bakin kasuwa. Hannu kuwa Allah ya ba shi. Jaririn kwana bakwai sai ya aske shi tas yana barci, bai ko motsa ba. Mata sukan ce in ba Falalu ba, a ɗaga sunan. Shi ne mai ƙaho, shi ne mai cire belu, shi ne mai tsagar gado ga wanda bai manta garin ubansa ba.

To ga inda Zango ya yi wauta, kuma kowa da hannunsa a ciki. Da giya ce Falalu yake sha, da tun ranar farko an yi masa ca. A Zango in aka ji warin giya a bakin mutum, ko gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa. Amma wannan likita ne ya bayar, a kwalba, da takarda manne a jikinta mai rubutun Turawa. Har malami aka tambaya. Malam ya juya kwalbar, ya dubi rubutun da bai san ko harafi ɗaya a ciki ba, ya ce, "Magani ne?" Aka ce magani ne. Ya ce, "To ina haram a magani?" Shi ke nan. Maƙwabci in zai gangara kantunan bakin teku sai ya leƙo ya ce, "Wanzam, in taho maka da ɗigonka?" yana ganin lada yake nema. Zenabu da kanta ta sha ƙulle kwalbar a bakin zane ta kawo masa.

Goma ta zama ashirin, ashirin ta zama arba'in, daga nan ya bar ƙirgawa, sai dai ya tuntsura. Shekara goma sha bakwai ana haka. Babbar rigarsa ta Sallah ta tafi kanti, tagullar da aka maƙala masa a ƙirji bayan yaƙi ta bi ta. Ya rame, idonsa ya ƙanƙance, kana yi masa magana yana kallon bayanka. 'Yarsa ta fari, Sharifa, ta girma aka yi mata aure, an ce ranar ɗaurin auren sai da aka taɓa shi sau biyu kafin ya amsa liman. Har a lokacin cewa ake, "Wayyo, ciwon nan na cin Wanzam."

Wata Juma'a da hantsi yana yi wa wani ɗan kasuwar goro aski, gyangyaɗi ya ɗauke shi da aska a hannu. Ta zarce daga saman kunne har ƙeya. Mutumin bai mutu ba, amma bai je masallaci ba ranar, kuma farar rigarsa ba ta ƙara saƙuwa ba.

Kafin la'asar Sarkin Aska Iliyasu ya iso gidan. Shi ne babban wanzaman Zango duka, tsoho mai 'yar gajeriyar magana. Bai zauna ba.

"Falalu, kawo zabira."

"Sarki, ta ubana ce."

"Na sani. Ba ni da haufi ubanka ma da ya karɓe ta. Kawo."

Ya ɗauko ya miƙa da hannu biyu. Sarkin Aska ya rataya, ya ce daga yau aikin unguwar nan na Sulemana ne, wani wanzami da ya zo daga Legas, wanda bai kai Falalu shekaru ba, bai kuma kai shi hannu ba. Ya ce zabira tana nan a ajiye, ranar da ya ga hannun da ya sani zai mayar.

Kashegari Zenabu ta tafi bakin teku sayen kifi, da kwalbar da ta ƙare a ƙulle, don ta biya kanti. Wata mai kifi 'yar ƙabilar Ga, Ayele, wadda suka daɗe suna ciniki, ta ga kwalbar ta ce a ba ta. Ta cire murfi, ta sansana, ta tofar da yawu. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce, "Zenabu, wannan ba magani ba. Giya ne, da barci a ciki. Mijina ya sha shi shekara shida. Ya kwana, bai tashi."

Zenabu ta karɓi kwalbarta ta ƙulle. Shekara goma sha bakwai malamai da dattawa masu gemu suna juya kwalbar nan, sai mai kifi ce ta yi dabarar kai ta hanci.

Ba ta gaya wa Falalu ba. Ta sayo, amma kullum in ya sha ya juya baya sai ta cike gurbin da ruwan jiƙon tsamiya, don launi ya zo ɗaya. Sati biyu ya gane. Ya fito tsakar gida da kwalbar a hannu, jiki na ɓari, tana tsugune tana tace gasara.

"Ke kika taɓa mini magani?"

"Ni na taɓa. Kuma ka daina ce masa magani, Wanzam, kunnena ya gaji. Wane irin magani ne shekara goma sha bakwai bai warkar ba, sai riga da ya cinye da zabira?"

"Ba ki san zafin da nake ji ba."

"Ban sani ba. Ni haihuwa biyar kawai na yi, na binne huɗu, ba wanda ya ɗiga mini komai." Ta matse tsumman gasara ta dube shi. "Sharifa tana da ciki wata biyu. Haihuwar fari ce, nan gidan za ta zo ta haihu. Ranar suna a nan tsakar gidan za a shimfiɗa tabarma. Sai ka zaɓa: ko kai ka aske jikanka, ko ka zauna kan turmi kana hamma Sulemana ya aske maka shi a gabanka, duk Zango na kallo."

Ya koma ɗaki ya daɗe. Da ya fito sai ya ajiye kwalbar kusa da ƙafarta, ya ce, "Ki riƙe. In na roƙe ki kada ki ba ni fiye da abin da kika ga dama. In na zage ki ma kada ki ba ni."

Ya kuwa zage ta. Ya zagi uwarta, ya zagi garinsu. Wata guda tana rage masa, sannan ta hana gaba ɗaya. Hamma, hawaye, majina, zawo, sanyi da rana tsaka, ƙafafu suna harbin tabarma su kaɗai kamar ba nasa ba. Zenabu ta bar tuyar ƙosai kwana tara, tana gasa masa jiki da ruwan zafi, tana ɗura masa koko cokali-cokali yana amayarwa tana sakewa. Maƙwabta suka ce sammu ne, a kawo rubutu. Ta karɓi rubutun ta ba shi, don sunan Allah ba ya cutarwa. Wanda ya ce a taimaka masa da ɗan ɗigo kaɗan kuwa, ta nuna masa ƙofa da muciya.

Mutane suna zaton in jiki ya daina ɓari an gama. Wannan shi ne mai sauƙin. Da Falalu ya miƙe sai ya tarar da kansa a cikin wata duniya mai faɗi, ba abin yi, kuma komai ya dawo masa da ƙarfinsa. Ya tuna 'ya'yansa huɗu da aka binne, ya ga ashe bai taɓa yi musu kuka ba, yana cikin hazo aka kai su. Sai ya zauna bayan ɗaki da hantsi yana zub da hawayen da ya kamata ya zubar shekara goma da suka wuce. In ya fita, waɗanda da suke saya masa kwalba yanzu su ne suke gaishe shi daga nesa, tun da labari ya bazu cewa abin da giya a ciki. Bai iya haɗa ido da kowa. A masallaci sahun ƙarshe yake tsayawa, ana sallama ya sulale.

Zenabu ta ga zaman zai kashe shi. Wata safiya ta ɗora masa ƙwaryarta a ka ta ce ya raka ta bakin teku. A can masunta suna jan taru, igiya doguwa, mutum talatin a jere suna waƙa da harshensu, kowa ya zo ya kama, in an fito da kifi a ba shi nasa. Ba wanda ya san shi, ba wanda ya tambaye shi ɗan wane ne. Ayele ta tura shi ta ce, "Kama, Wanzam." Ya kama. Ranar tafin hannunsa ya saluɓe, ƙugunsa ya yi kamar zai tsage, amma ya dawo gida da kifi huɗu a igiya, ya ci dokunu, tuwon masarar can, ƙulli biyu da yaji, ya ce, "Zenabu, ashe yajin nan naki da zafi haka?" Ta ce, "Tun auren fari haka yake. Kai ne ba ka nan."

Wata uku yana jan taru kullum safiya. Ya yi baƙi, ya yi nama, ya koyi waƙar masunta ba tare da ya san abin da take cewa ba. Sannan ya wanke rigarsa ya tafi gidan Sarkin Aska, ya durƙusa.

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Bai ba shi zabira ba. Ya zaro aska guda ɗaya, ya aika aka tsinko ɗanyar gwanda a bayan gida.

"Ka san halinta. Ko farce ya karce ta sai ta fid da farin ruwa. Shafa mata toka da ruwa, ka aske tokar. Ranar da ka kawo mini gwanda tas ba ɗigon fari ko ɗaya, ka ga zabirarka."

Gwandar farko ta yi kuka ta ko'ina. Zenabu ta yanka ta zuba a miya. Haka suka yi ta cin miyar gwanda har ta ce in ta ƙara ganin gwanda a gidan nan za ta koma gidan ubanta, ko da yake uban ya shekara ashirin a kabari. Hannun yana dawowa, amma da halinsa. Wata rana ya tsaya cak kamar na da, ya gama gwanda ba tabo. Wata rana, musamman in hadari ya haɗu dalmar ƙugunsa ta motsa, ko in ransa ya tashi, sai yatsu su riƙa rawa. Sau uku ya kai wa Sarkin Aska gwanda mai tsabta. A na ukun tsohon ya ce, "To. Ranar sunan jikanka zan zo da zabira. Kai za ka yi."

Sharifa ta haifi mace. Ranar suna aka tashi da hadari ta gabas. Tun da sassafe gida ya cika, ana raba goro, rago a ɗaure. Falalu ya fito bayan gida ya wanke hannu, ya miƙa su a gabansa. Suna rawa. Ya matse, ya sake, ya yi salati. Suna rawa.

Nan Kofur Jibirilu ya same shi, tsohon abokinsa na bariki, wanda ya goyo shi a baya daga cikin kurmi ranar da aka harbe shi. Ya dubi hannun, ya dubi fuskar.

"Mutumina, haka za ka ɗora ƙarfe a kan 'yar mutane?"

"Zai tsaya, Kofur."

"Ba zai tsaya ba, ni da kai mun sani." Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalba. "Biyar kawai. Ba don kai ba, don jaririyar. Kafin a shafa fatiha hannunka ya zama dutse. Gobe ka ci gaba da tubanka, wa ya sani?"

Kuma gaskiya Jibirilu ya faɗa, abin da ya sa maganar ta yi nauyi ke nan. Biyar za su tsayar da hannun. Ba mugunta ta kawo shi ba, ƙauna ce irin ta mutanen Zango, wadda ta riga ta ci wa Falalu shekara goma sha bakwai. Ya karɓi kwalbar. Sanyinta a tafinsa ya ji har cikin haƙora. Ya jefa ta a aljihu ya shiga taro.

Liman ya raɗa suna, Awa. Aka yi addu'a, aka yanka rago. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ungozoma ta fito da jaririya a naɗe ta zauna, mata suka yi da'ira, maza suka cika ƙofa. Sarkin Aska ya sauke zabira daga kafaɗa ya ajiye a gaban Falalu. Sulemana yana tsaye a gefe, ya harɗe hannu.

Falalu ya buɗe zabirar ubansa. Ya zaro aska, ya wasa a fata, ya jiƙa kan yarinyar da ruwan ɗumi. Gashi baƙi mai laushi, maɗiga tana bugawa a hankali a ƙarƙashinsa. Ya ɗaga askar. Bakinta yana kyarma, kaɗan ne, wanda ke tsaye a ƙofa ba zai gani ba. Shi ya gani. Zenabu ma ta gani, ta kama bakin zanenta ta cusa a baki.

Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke hannu. Ya laluba aljihu ya fito da kwalbar, ya dangwarar da ita a kan tabarma inda kowa zai gani.

"Jama'a, ga abin da zai tsayar mini da hannu. Yana aljihuna tun safe. Ban sha ba, hannun kuma bai tsaya ba." Ya juya askar ya miƙa ta ta ƙota. "Sulemana, zo ka yi wa jikata aski."

Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, abin kunya," wata ta ce mata ta rufe baki. Jibirilu ya sunkuyar da kai. Sulemana ya tsuguna ya karɓi askar da hannu biyu, ya ce, "Baba, ka matso kusa ka riƙa duba mini." Falalu ya matsa. "Fara ta ƙeya. Kwantar da ita, kada ka tsayar. In ka zo maɗiga kada ka danna, bar askar ta bi da kanta." Awa ta tsala ihu tun daga farko har ƙarshe, amma ba jini. Da aka gama, Falalu ya tattara gashin a ganye da hannun nan nasa mai rawa, ya kai wa Sharifa har bakin ƙofar ɗaki. Ta karɓa ta riƙe hannun, ba ta sake shi da wuri ba.

Ya dawo ya naɗe zabira ya tura gaban Sarkin Aska. Tsohon bai taɓa ta ba. Sai ya cire hularsa, ya gyara zama a kan tabarmar, ya miƙo ƙeya.

"Zo ka aske ni."

"Sarki, ka ga hannun."

"Na gani, ba makaho ba ne ni. Kaina tsohon kai ne, ya sha yanka wurin waɗanda ba su kai ka ba. Yi maza kafin ruwan nan ya sauko."

Ya yi. A hankali ya yi, yana tsayawa yana numfashi, yayyafi ya fara sauka bai gama ba, ba kuma wanda ya tashi. Ya yanke shi wuri ɗaya a bayan kunne, ɗan ƙarami. Sarkin Aska ya shafa, ya dubi yatsansa, ya goge a tabarma.

"Wannan ko sauro ya fi ka." Ya buɗe zabirar ya zare 'yar askar tsaga da ƙarfen cire belu, ya sa a aljihunsa. "Waɗannan sun zauna wurina. Jarirai na Sulemana ne. Manya da ƙaho naka ne, ranar da hannu ya yarda. Ranar da bai yarda ba, na ga ka san abin yi."

Zenabu ta sa muciya ta ture kwalbar daga kan tabarma, kamar mai ture mushen ɓera, ta ce wa Jibirilu ya kwashe kayansa, kuma ya tsaya ya ci tuwo tun da ya riga ya zo.

Falalu ya koma bakin kasuwa ya shekara goma sha ɗaya a kan buzunsa. Bai ƙara aske jariri ba, ko da daga baya hannun ya tsaya sosai har Sarkin Aska ya ce ya zo ya karɓi sauran ƙarafansa, Falalu ya ce a bar su. Ran da ya tashi ya ga yatsu na rawa, sai ya ce wa mai jira, "Yau ba ni da hannu, je wurin Sulemana," mutum ya tafi, gobe ya dawo. Sha'awar abin ba ta taɓa barinsa ɗungum ba, shi da bakinsa yake faɗa, kuma har ya rasu bai yarda ya bi ta layin kantunan nan ba, sai ya zagaya ta bayan kurkuku ko da rana na dukansa. Tsofaffin sojoji biyu da ɗigo ya kama sun riƙa zuwa suna zama kusa da buzunsa, ba aski ya kawo su ba. Ɗaya ya bari. Ɗaya bai bari ba, Falalu ne ya yi wa gawarsa wanka.